Layi na Biyu a Takardar Inna

Ranar Talata da hantsi aka sallami Inna Uwani daga asibiti, bayan ta yi kwana huɗu a kwance. Likitan da ya duba ta ya ce hawan jini ne da ciwon suga. Ya yi rubutu layi uku a wata 'yar takarda ya miƙa wa ɗanta Illo, ya yi masa bayani da sauri, domin benci cike yake da masu jira a waje. Illo ya riƙa gyaɗa kai yana cewa to, to. Sai da suka fito bakin titi suna neman keke napep sannan ya lura babu abin da ya riƙe a bayanin sai magana ɗaya: kada ta yi fashin sha.

Illo ɗan kasuwa ne mai shekara hamsin da biyu, yana sayar da gero da dawa da wake a Tsohuwar Kasuwa. Shi ne autan Inna, kuma a gidansa take zaune a unguwar Gidan Igwai tun rasuwar mahaifinsu. Yana karanta boko, yana karanta ajami, har Turancin jikin buhu yakan haɗa ya gane. Amma rubutun likitan nan ya gagare shi. A cikin keken ya duba takardar ya sake dubawa, bai iya fitar da harafi ko ɗaya ba.

Ko da suka isa gida, 'yan dubiya sun riga sun cika tsakar gida. Kowa ya gaida Inna sai ya juyo kan Illo da shawara. Wani maƙwabci ya ce kada ya kuskura ya sayi magani a ƙananan kemis, duk jabu ne, ya nufi babban kantin nan mai gilashi da ke bakin babban titi. Wata 'yar'uwarsu ta ce ai wannan kantin yankan mutane suke yi wajen kuɗi, ita a Sabon Gari take saye wurin wata mata. Wani dattijo ya ce magani duk ɗaya ne, lafiya ta Allah ce. Illo ya amsa wa kowa da to. Matarsa Kaltume ta ja shi gefe ta ce, “Malam, rana na yi. Ka tahi ka sawo, ko ina na.”

Sai ya nufi inda ƙafarsa ta saba. A bakin layinsu akwai kemis ɗin Sirajo, wanda suka taso tare, kuma har yau a sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Ya tarar da mutum huɗu a gaban kanta, wata mata tana neman maganin zazzaɓin goyo, wani kuma yana jira a wanke masa ciwo.

“Illo, ya jikin Inna?” in ji Sirajo, yana miƙo hannu ta saman kawunan mutane.

“Da sauƙi, an sallamo mu. Duba mani wagga takarda.”

Sirajo ya ɗaga ta sama wajen haske, ya ƙanƙance ido. “Biyu ina da su. Guda ya ƙare, sai kaya sun iso ƙarshen mako.” Ya ɗauko wani farin kwali da wani ɗan ƙarami mai ruwan ɗorawa, ya ja layi ɗaya da biro a kan kowanne. “Wanga guda da sahe, wanga guda da dare. Dubu biyu da ɗari biyar kowane. Kai namu na, ban ɗora maka komi ba.”

Illo ya biya, ya buɗe baki zai yi tambaya, sai matar nan ta ce jaririnta jiki ya yi zafi, Sirajo ya juya wurinta. Illo ya ɗauki kwalayen ya fita. A ransa ya ce ai ba sai an tambaya ba. Wanda ya samu biyu cikin uku, daga sama ya fara. Na ƙasan ne ya rage.

Ya kai wa Kaltume kwalayen biyu, ya yi sallar azahar, ya hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Sabon Gari. Kantin da 'yar'uwarsu ta kwatanta ƙarami ne, tsakanin mai sayar da kayan babur da wani mai ɗinki. Fanka ɗaya ce ke juyawa a sama. Bayan kanta akwai wata mata mai kimanin shekara talatin da biyar, sanye da farar riga a kan hijabi, an rubuta sunanta a ƙirjin rigar: Sadiyatu.

Illo ya ajiye takardar ya ɗora yatsa a kan layin ƙarshe. “Wanga nika so. Nawa na?”

Ta karanta takardar duka, ba layin da ya nuna kaɗai ba. “Baba, wa ka shan maganin?”

“Tsohuwata.”

“Shekarunta nawa?”

“Za ta yi saba'in da biyar. Nawa na?”

“Tana shan wani magani ban da waɗanga? Ko na gargajiya?”

Illo ya ji ransa ya fara ɓaci. Shi kuɗi ya tambaya, ita kuma tana ƙirga shekarun uwarsa. “Malama, sauran biyun na saye. Wanga ɗai ya rage.”

“Ina waɗanda ka saye?”

“Suna gida.”

“To, Baba, in ba damuwa ka ɗauko su in gani, ko ka kira gida a karanto mani sunansu.”

Kaltume ba ta karanta boko, yara kuma suna Islamiyya. Ga rana ta take tsaka, ga kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa. Illo ya ɗauka matar nan so take ta ga abin da wani ya sayar masa ta kushe, kamar yadda wasu abokan kasuwancinsa ke damƙar geron maƙwabci su ce da tsakuwa. Ya ninke takardarsa ya ce zai dawo, alhali ya san ba zai dawo ba.

Babban kantin gilashin kuwa, ƙofarsa ma da kanta take rufewa. Yana shiga sanyi ya doke shi har ya ji zufar bayansa ta daskare. 'Yan mata uku masu riga iri ɗaya suna zaune gaban kwamfuta. Ɗaya ta yi masa murmushi ta ce, “Barka da zuwa, Alhaji.” Ya nuna layin ƙarshe. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta danna kwamfuta, ta miƙe ta ɗauko wani shuɗin kwali mai ƙyalli.

“Dubu goma sha huɗu, Alhaji.”

“Nawa?”

“Sha huɗu. Na waje ne, mai kyau ne sosai. Ɗaya kowace safiya.”

Illo ya riƙe kwalin yana juya shi. Ƙwayoyi talatin ne a ciki, daidai da na farin kwalin Sirajo. Ya so ya nemi ragi, amma ya ga babu wanda ke ciniki a wurin, kowa miƙa kuɗi yake ko kati ya wuce. Ya ce a ransa wataƙila wannan shi ne babban maganin cikin ukun, shi ya sa ya fi tsada, shi ya sa kuma ya ƙare a wurin Sirajo. Ya biya. Aka sa masa a leda mai hoton kanti, aka ce Allah ya ƙara sauƙi. Ya fito yana jin ya yi wa uwarsa abin da ya kamata.

Kaltume ce ke ba Inna magani, kuma ba ta taɓa yin fashi ba. Da safe bayan koko, ɗaya daga farin kwali, ɗaya daga shuɗi. Da dare bayan tuwo, ɗaya daga ƙaramin. Kwana biyu na farko Inna ta ce jikinta ya yi sanyi, aka ce gajiyar asibiti ce. A rana ta uku ta ce in ta miƙe sai ta ga ɗakin na juyawa. A ta huɗu ƙafafunta suka kumbura har silifas ya ƙi shiga, ga ƙishirwa, tana shan ruwa kofi bayan kofi tana zarya ban ɗaki. Ranar Lahadi da safe ta tashi daga tabarma za ta ɗauki buta, sai ta tafi luu. Allah ya sa Kaltume na kusa ta tare ta, suka zube tare a gindin randa.

Aka kira Illo daga kasuwa. Ya tarar da Inna kwance, idonta biyu, tana magana a hankali.

“Auta,” in ji ta, domin har yau haka take kiransa, “ni dai kahin in hwara shan ƙwayoyin ga na hi jin ƙarhi.”

Kaltume ta bi shi zaure. “Malam, ni tun hwarko ban yarda da na Sirajo ba. Dubi kwalin, ko ƙyalli babu. Abin dubu biyu da ɗari biyar ƙaƙa za shi yi aikin kirki? Jabu na.”

“Sirajo ba ya yi mani haka.”

“Shi ma sayar mashi aka yi. Mu daina ba ta shi, mu bar ta ga mai tsadar.”

“Likita ya ce kada ta yi hwashi.”

“To mu ci gaba da ba ta har ta hwaɗi ta karye?”

Illo ya tattara kwalayen uku da takardar likita ya zuba a leda, ya nufi kemis ɗin Sirajo.

Sirajo na jin kalmar jabu fuskarsa ta canja. Ya karɓi farin kwalin kaɗai, ya juya bayansa, ya nuna wa Illo lambar hukuma da ranar da zai lalace. “Shekara ashirin ina wagga sana'a a bakin layin ga. Mutum nawa ka shan wanga magani a unguwag ga? Wa ya taɓa hwaɗuwa? Ka tahi ka tambayi masu gilashin da ka kai ma kuɗinka. Nasu na waje na, ya daɗe cikin jirgin ruwa, wa ya san zahin da ya sha?” Ya miƙo masa kwalin ba tare da ya dube shi ba. Illo ya so ya fito da sauran ya nuna masa, amma akwai mutane a kantin suna saurare, ya ga maganar za ta zama faɗa. Ya ce Allah ya huci zuciya, ya wuce.

A babban kantin bai ga yarinyar da ta sayar masa ba. Wata ce daban. Ta saurare shi cikin ladabi, ta duba rasit, ta ce maganinsu daga kamfani yake zuwa kai tsaye, ba su ajiye jabu. Ta ce shugaban sashen magani ya fita, sai bayan la'asar. Ta ƙara da cewa maganin da aka buɗe ba a mayarwa.

“Ni ba mayarwa na zo yi ba,” in ji Illo. “So nike a hwaɗa mani wane na ka kashe mani uwa.”

“Alhaji, abin da ka nuna shi aka ba ka. Wataƙila wanda ka saya a wancan wurin ne.”

Ya fito ya tsaya a bakin titi. Zafin rana ya sauko masa gaba ɗaya bayan sanyin ciki, har kansa ya sara. Wancan ya ce na wannan ne, wannan ya ce na wancan ne. Mai araha ya rantse, mai tsada ya nuna rasit. A kasuwa shi in ya zuba gero a tafin hannu ya san na bana ne ko na bara, ya san inda aka noma shi, kuma mudu ɗaya ba ya zama dubu biyu a wannan rumfa ya zama sha huɗu a ta gaba. Amma ga ƙwayoyi farare guda biyu, ko ya tauna su ba zai san komai ba. Wata mota ta wuce a hankali da lasifika a kanta, ana tallan wani ruwan sassaƙe da ke maganin hawan jini da suga da basir a kwalba ɗaya. Illo ya bi ta da kallo har ya ɗaga ƙafa zai tsayar da ita. Sai ledar hannunsa ta bugi gwiwarsa. Ya dube ta. Kwalayen nan uku suna ciki, abin da matar Sabon Gari ta nemi gani ke nan ya ƙi.

Ya tare kabu-kabu.

Sadiyatu na auna jinin wani tsoho lokacin da ya shiga. Ta gane shi, amma ba ta ce komai a kan fitarsa ta ranar nan ba. Da ta gama ta ce, “Sannu, Baba. Ya mai jiki?”

Ya zazzage ledar a kan kanta, ya ba ta labari, yana yi yana komawa baya, yana haɗa maganar Sirajo da ta Kaltume da ta randa. Ta bar shi har ya kai ƙarshe. Sannan ta shimfiɗa takardar likita, ta jera kwalayen a gefenta. Ta ɗauki fari, ta ɗauki shuɗi, ta dube su, ta ajiye.

“Tun yaushe take shan waɗanga biyun tare?”

“Tun Laraba. Kullum da sahe. Ba mu yi hwashi ba.”

“Yau ma ta sha?”

“Awo.”

“Baba, kana karatu?”

“Ina taɓawa.”

Ta matso da kwalayen gabansa. “Bar babban sunan da ke sama. Dubi ƙaramin rubutun da ke ƙasansa. Karanta na wanga, ka karanta na wanga.”

Illo ya sunkuya. Ya bi haruffan farin kwalin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya koma kan shuɗin. Ya sake komawa. Haruffa iri ɗaya ne, har lambar da ke gabansu.

“Ban gane ba,” in ji shi.

“Magani guda na. Na hawan jini. Kamhwani biyu sunka yi shi, kowa ya sa mashi nashi suna. Inna tana shan ninki biyu na abin da likita ya rubuta. Shi ya sa jiri da kumburin ƙahwa.”

“A'a. Sirajo ya ba ni na ɗaya da na biyu. Ni na sayi na ukku.”

Ta ɗora ƙaramin kwali a kan layin farko. “Wanga na ɗaya, na rage kitse cikin jini.” Ta ɗora farin a kan layin ƙarshe. “Wanga na ukku.” Ta ɗora shuɗin a kan farin. “Wanga ma na ukku.”

Layin tsakiya ya rage babu komai a kansa. Illo ya zuba masa ido.

“Wanga hwa?”

“Na suga na. Ba ka saye shi ba. Kwana biyar ba ta sha maganin suga ba, shi ya kawo ƙishirwar.”

Illo ya lalubi benci ya zauna. Ya cire hula ya riƙe a hannu. Tun safe yake yawo da fushi yana neman wanda zai sauke wa, yanzu ya rasa inda zai kai shi. Sirajo bai faɗa masa ba, amma shi ma bai tambaya ba. Yarinyar kantin gilashi ba ta tambaya ba, amma yatsansa ne ya nuna layin.

“To wane na jabun?” ya tambaya, domin har yanzu kansa bai saki wannan ba.

“Ban ga alamar jabu ga ko guda ba. Duka suna da lamba, duka ba su lalace ba.”

“Wane ya hi kyau?”

“Aikinsu guda.”

“Aikinsu guda, wanga dubu biyu da ɗari biyar, wanga sha huɗu?”

Ta yi masa bayani. Ta ce kamfanin shuɗin kwalin shi ya fara yin maganin, sunansa ake saye. Ta yi maganar canjin dala da kuɗin fito da hayar kanti da man janareta. Illo ya ji kowace kalma, amma da ya haɗa su bai ga yadda suka kai sha huɗu ba. Ya buɗe baki zai sake tambaya, ta tare shi.

“Baba, wagga magana tana iya jira, Inna ba ta iya jira. Ka koma gida yanzu ka ɗauke ta ku tahi asibiti. Kada a ƙara ba ta ko guda cikin waɗanga biyun sai likita ya gan ta. In za ta tashi a riƙa ta.” Ta yagi takarda ta yi rubutu manya-manya, ta sa hannu da lambar wayarta. “Ka ba likita wagga, na rubuta abin da ya hwaru.”

Ya miƙe ya sa hannu a aljihu. “Ba ni na sugan in tahi da shi.”

“Sai sun auna ta. Wataƙila su canza shi, ka ga ka yi asara.”

“To nawa za ni biya?”

“Na mi?”

Ya tsaya yana kallonta. A ranar nan ya shiga kanti uku, wannan ne kaɗai ya fito da kuɗi aka ƙi karɓa, kuma bai san ko ya gode ba ne ko ya yi zargin akwai wani abu a ƙasa. Ya dai gode, ya fita da sauri.

A asibiti aka auna Inna, aka ga jininta ya yi ƙasa ƙwarai, suga kuma ya hau. Likitan da ke aiki ranar ya karanta takardar Sadiyatu, ya dubi Illo ta saman tabarau, ya ce Allah ya taimake su da tsohuwar ba ta bugu da kai ba. Aka sa mata ruwa, aka riƙe ta kwana biyu. Da za a sallame su aka rubuta sabuwar takarda, layi uku kamar ta farko. Wannan karon Illo bai ce to ba sai da likitan ya nuna masa kowane layi ya faɗi na mene ne, har nas ta fara leƙowa tana duba agogo.

Daga asibiti ya sa aka kai Inna gida, shi kuma ya wuce Sabon Gari da takardar da ledar kwalaye. Sadiyatu ta ba shi na suga a kan dubu uku da ɗari biyar. Ta ɗauki baƙin alƙalami mai kauri ta rubuta a kan kowane kwali da Hausa, JINI, SUGA, KITSE. Da ya ce matarsa ba ta karatu, sai ta zana rana a kan na safe, ta zana wata a kan na dare. Shuɗin kwalin kuwa ta naɗe shi da roba ta ce a ɓoye shi, kada a taɓa sai farin ya ƙare.

“In sun ƙare duka, nawa kike sayar da na jinin?” in ji Illo.

“Irin hwarin, dubu ukku.”

“Sirajo dubu biyu da ɗari biyar ya ba ni.”

“To ya yi maka sauƙi. In wurinshi ya hi maka kusa, ka saye can, maganin shina da kyau. Ka dai riƙa haɗa sayenka wuri guda, wanda za shi san duk abin da take sha.”

Illo ya yi ta juya wannan magana a kan kabu-kabu har gida. Da la'asar suna zaune a tsakar gida, Inna na jingine da bango tana jan carbi, Kaltume ta ce, “To yanzu wane na mai gaskiya cikinsu?”

“Duka ba wanda ya yi mani ƙarya.”

“To wa ya cuce mu?”

“Ban sani ba. Sirajo ya hi araha. Masu gilashi sun hi tarba. Matag ga ta hi tambaya.”

“Ina za mu riƙa saye?”

Illo ya ce, “Sabon Gari.”

“Da kuɗin kabu-kabu, da ƙarin ɗari biyar?”

“Awo.”

Kaltume ta ce ita ba ta gane wannan ciniki ba. Illo ya ce shi ma bai gama ganewa ba.

Abin da ya rage masa shi ne Sirajo. Kwana uku suna haɗuwa a masallaci, gaisuwa kawai suke yi kowa ya kama gabansa. Ranar Juma'a bayan an sauko, Illo ya ga kemis ɗin babu kowa, ya shiga. Ya ba shi labarin duka, bai rage nasa laifin ba, ya roƙe shi ya yafe masa kalmar da ya faɗa a gaban mutane.

Sirajo ya daɗe yana goge kanta da tsumma. “Da ka tambaye ni wane ya rage, da na hwaɗa maka.”

“Haka na.”

“Ni ma da na sa maka alama ga takardar. Mutane sun yi mani yawa ranan nan.” Ya ajiye tsumman. “Allah shi kiyaye gaba. Kaya sun iso jiya, na sugan ya zo. In ɗauko?”

“Na riga na saye.”

“Ina?”

“Sabon Gari. Can za ni riƙa ɗaukar na Inna duka.”

Sirajo ya ce to. Illo kuma ya kasa fita a kan wannan to ɗin. Ya ɗaga kai yana bin kantoci da kallo, yana neman abin da zai ce. Idonsa ya faɗa kan wasu ƙananan kwalabe jere a sama.

“Ba ni man zahi guda.”

“Wa ka ciwo?”

“Ba kowa. A dai aje a gida.”

Sirajo ya dube shi, ya ɗan murmusa, ya miƙa hannu ya sauko da babbar kwalba maimakon ƙarama. Illo ya biya. Suka yi musafaha, Sirajo ya ce a gaida Inna, zai shigo dubiya bayan magariba.

A gida Kaltume ta karɓi kwalbar ta juya ta. “Wanga kuma na wane layi na?”

“Ba shi cikin takarda.”

“To na mi na?”

Kafin ya samo amsa, Inna ta miƙo hannu daga kan tabarma. “Kawo nan, Auta. Gwiwag ga tun da na hwaɗi take damuna, ba wanda ya tambaye ni.”